Taku Tamanin na Ishaya

Shekara uku ke nan cif da rasuwar Ishaya, kuma a cikin watan nan ne ni Auwalu na yi difens ɗin furojek ɗina na aji biyar, wato na kare aikin gama digirina a gaban malamai, aka ce na ci. Tun ranar bakina ya ƙi rufuwa. Na cika gurup ɗin ajinmu da hotuna har wani ya ce zai fice idan ban sarara ba, na sayi lemo na raba wa waɗanda ko gaisawa ba ma yi. Amma bari in faɗa muku gaskiya tun daga farko, ko a cikin wannan murnar kishin gayen nan bai sake ni ba. Mutum ya shekara uku a ƙasa, ni ina raye ina cin shinkafa da wake, amma har yanzu shi ne a gabana. Dalilin kuwa wani ɗan littafi ne nasa mai koren bango, da na ɓoye shekara uku, na kusa fita da digiri a kansa ba tare da sunansa ya fito ko sau ɗaya ba.

Ishaya ɗan maƙwabtanmu ne a ƙauyenmu can wajen Kunci. Kunya ɗaya ce ta raba gonarsu da tamu. Su coci suke zuwa, mu masallaci, tuwon sallah ya tsallaka gidansu, na Kirsimeti ya tsallako namu. Firamare ɗaya muka yi, sakandare ɗaya a Ɗambatta, kuma rana ɗaya sunanmu ya fito a jami'a, kwas ɗaya, injiniyan kwamfuta. Shi dogo ne siriri, ba ya son magana. Ni gajere ne, baki kamar rediyo, kuma duk ajinmu babu wanda ya kai ni saurin yatsa a waya. Kafin malami ya gama tambaya na nemo amsar na tura gurup.

Jami'armu a tsakiyar gonaki take, kuma har gobe ana noma a cikinta. Mutanen da asalin filin nasu ne, da masu gadi, da wasu ma'aikata, kowa yana da 'yar gonarsa tsakanin gini da gini. Daga ƙofar laburare zuwa hostel ɗin maza, hanya ce siririya, dama dawa hagu dawa, a tsakiya akwai wata babbar darbejiya da muke zama a gindinta muna jan waifai.

Ga iyayenmu masu karanta wannan shafi, waifai ɗin makaranta hanya biyu yake bi ya iso waya. Akwai tsohuwar hanya da ake ce wa biyu da ɗigo huɗu, akwai sabuwa da ake ce wa biyar. Ishaya ne ya raɗa musu sunan da har yau ake kiran su da shi a makarantar, duk da yaran yanzu ba su san wanda ya raɗa ba. Ta farko jaki ce: ba ta sauri, kowa ya ɗora mata kaya, amma tana zuwa nesa, tana ratsa bango, kuma kowace irin waya tana ganin ta. Ta biyu mashin ce: gudu kamar me, hanyoyinta da yawa ba cunkoso, amma ba ta nisa, abu kaɗan ya tare ta ta tsaya, kuma ƙananan wayoyi da yawa ba sa ma ganin ta.

Muna aji biyu aka kawo mana mashin. Da rani ne, gonaki fayau ba ko kara, daga barandar laburare kana hango mai shanya a hostel. Masu aikin suka zo daga birni da na'urorinsu, suka zagaya suka auna, suka maƙala fararen akwatuna a jikin bango daidai tsayin baranda, suka gwada ko'ina sabis ya cika, suka tafi. Ni a lokacin yayana da ke kasuwa a Kano ya ba ni wata waya mai zafi. Ranar da aka kunna mashin na zauna a gindin darbejiya na sauke lakca ta awa biyu kafin in gama cin gyaɗar hamsin. Na ɗauki hoton sikirin na watsa. Na haddace duk sunayen nan na waifai, mai n, mai ac, mai ax, wanne ya girmi wanne, wanne ke hawa jaki wanne ke hawa mashin, ina zuba su a gurup kamar ni na ƙirƙira. Har kamfen na fara cewa a kashe jaki kowa ya huta, ita ce ke jawo cunkoso.

Wayar Ishaya kuwa sikirin ɗinta a fashe, bayanta ɗaure da roba, jaki kaɗai take gani. Na tsokane shi iya tsokana. Na ce masa ya kai ta gidan tarihi ko za su ba shi tukwici. Sai da na gaji don kaina, sannan ya ɗaga kai ya kalli akwatin da ke bango, ya kalli gonar da ke gabanmu.

Ya ce, "Oga Auwal, bari damina ta faɗi tukuna."

Na yi dariya na ce me ya haɗa waifai da damina, ko taki za a zuba masa.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, ba wanda ya lura da komai. Sai da dawa ta kai ƙirji mashin ta fara wasa da mu a gindin darbejiya, ta zo ta tafi. Da dawa ta wuce kan mutum sai ta ɓace ɗungurungum, musamman da safe. Jaki kuwa tana nan, a gajiye dai, amma tana isowa. Makaranta ta ɗauka. Wasu suka ce masu aikin jabu suka kawo, wasu suka ce malamai ne suka janye sabis ɗin zuwa ofisoshinsu, wani ɗan ajinmu ya rantse darbejiyar ce ke da masu ita, wato iskokai. Ni na rubuta dogon bayani a gurup da turanci mai nauyi a kan cunkoson hanyoyi, mutum arba'in suka sa min alamar wuta, kuma duk abin da na rubuta shirme ne.

Duk wannan lokacin Ishaya yana ta tafiya. Kullum da safe kafin lakcar ƙarfe takwas, raɓa ba ta bushe ba, za ka gan shi ya kafa dunduniya a ƙofar laburare yana takawa yana ƙirgawa, yadda babansa yake auna gona idan za a raba wa 'yan ƙwadago. Duk taku goma ya tsaya, ya duba sanda nawa sabis ya nuna, ya rubuta a koren littafin nan. Gefe guda kuma ya rubuta inda dawa ta kai a jikinsa: gwiwa, ƙugu, kafaɗa, ta wuce kai. Ya rubuta ko ganye a jiƙe yake ko a bushe. Abin da ya gano mai sauƙi ne har ya ba ni haushi. Ɗanyen ganye cike yake da ruwa, ruwa kuma yana shanye sabis, kuma ya fi shanye mashin a kan jaki. Masu aikin sun auna fili ne lokacin da babu komai a cikinsa. Ba su taɓa tunanin filin nan yana tashi tsaye wata uku a shekara ba.

Matsalarsa ɗaya, wayarsa ba ta ganin mashin, don haka sai ya ari tawa. Na ba shi sau ɗaya, sau biyu, sau biyar, ina binsa a baya ina cewa ya yi a hankali kada raɓa ta taɓa min ita.

Sai wata safiya Injiniya Sa'adatu, shugabar ofishin netwok na makarantar, ta gan shi daga mota. Ta faka ta fito ta tambaye shi me yake yi. Ina tsaye a wurin, wayata ce ma a hannunsa. Ta karɓi littafin ta duba, ta tattare gyalenta, ta ce ya sake takawa ta gani. Ta bi shi tun daga ƙofar laburare har gindin darbejiya, takalminta duk laka. Washegari a gaban aji ta ce ta ga injiniya guda ɗaya a cikinmu, sauran kuma muna kan hanya. Ta ba shi katin shiga ofishinta, mai igiya, na ratayawa a wuya.

Wallahi katin nan ya hana ni sukuni. Ni da na san ax, na san ac, na san abin da ba a ma koya mana ba tukuna, an bar ni an ɗauki mai ƙirga taku kamar ɗan awon gona. Labari ya kai gida kafin mu je hutun ƙarshen mako. Baba na zaune a kan tabarma ya ce ya ji ɗan gidan Ladi, wato Ishaya, ya zama ma'aikaci tun bai gama ba, ni kuma yaya ake ciki da wannan waya da ba ta barin hannuna. Daga ranar na daina ba Ishaya wayata. Yau in ce ba caji, gobe in ce ina jiran kira. Ya gane sarai. Bai taɓa yi min maganar ba. Ya ci gaba da tafiyarsa da tasa wayar, yana cike layin jaki a littafin, layin mashin kuma yana barin sa fari.

Dawa ta fitar da kai, ta fara nuna, saura kaɗan a yi girbi. Shi abin da yake jira ke nan, a sare dawa a ga ko mashin za ta dawo, ya rufe lissafinsa. Zazzaɓi ya kama shi ranar wata Alhamis, ya tafi gida ya huta, ran Litinin aka kira ni aka ce ya rasu. Kwana huɗu. An yi girbi bayan mako biyu da binne shi, kuma a ranar da aka kwantar da karan da ke gaban laburare mashin ta dawo gindin darbejiya, sanda cike. Ina zaune a wurin ina kallon wayata, ba wanda zan nuna wa.

Da na je gaisuwa, mahaifiyarsa, Inna Ladi, ta shiga ɗaki ta fito da koren littafin a cikin leda. Ta ce tun yana kwance yake maganarsa.

Ta ce, "Ya ce a ba ka, wai wayarka ce ta yi rabin aikin."

Na karɓa na sa a jaka. Ban kai wa Injiniya ba. Ba a jima ba ma ta tafi ƙaro karatu waje, maganar ta bi ruwa. Kowace damina mashin ta ɓace a yi ta surutu, kowane girbi ta dawo a manta.

Nakan tambayi kaina, da Ishaya zai leƙo makarantar nan yau me zai ce. Yanzu har an kawo wata hanya ta uku a sabon ɗakin kwamfuta, mai lamba shida, wadda ta fi mashin gudu kuma ta fi ta raki, wayoyin da ke ganin ta a ajinmu ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ina jin da zai sa mata suna jirgi, ya ce sai mai tikiti. Da zai ga yaran aji ɗaya suna zuwa daga ƙauyukanmu da irin wayarsa sak, fasasshen sikirin da roba, suna cike rajista da ita, suna sauke takardun lakca da ita. Da kuma zai ji abin da aka fara cewa bana, wai a kashe jaki gaba ɗaya tunda ta tsufa, kuma idan dawa ce matsala a hana noma a cikin makaranta. Na san ba zai yi musu a gurup ba. Littafi zai ɗauka ya fita. Wannan halin nasa shi ya fi ci min rai, don ni sai na yi magana ɗari kafin in yi taku ɗaya.

Da aka ce kowa ya kawo abin da zai yi furojek a kai, ban yi dogon tunani ba. Na ciro littafin. Kuma kada a ce ban yi aiki ba, na yi. Damina biyu ina shiga dawa da safe ina cike layin mashin da na hana shi cikewa. Na gwada ɗaga akwati a kan doguwar sanda sama da kan dawa na ga bambanci. Na zana taswira mai kala, na yi jadawali, na shirya komai ya haɗu. Amma awon nisa, da tsarin aikin, da layin jaki na shekarar farko, duk daga littafinsa na kwafe su yadda suke. A shafin farko kuma na rubuta sunana ni kaɗai. Na ce wa kaina wanda ya rasu ba ya bukatar digiri. Na ce ai shi da bakinsa ya ce rabin aikin nawa ne. Gaskiyar ita ce sau ɗaya dai a rayuwata nake so a ce Auwalu, a tsaya a nan, ba tare da an ƙara da Ishaya ba.

Ranar difens na sha kwat ɗin aro, na shiga ina ji da kaina. Malamai huɗu a tebur. Ta biyar a can ƙarshe, da gilashi a hanci, Injiniya Sa'adatu ce. Ashe ta dawo, an gayyato ta tunda maganar netwok ce. Na yi bayanina tsaf, shaf-shaf, ba inda na yi tuntuɓe. Na nuna cewa kashe jaki zai bar masu ƙananan wayoyi a waje, sare dawa kuma ba shi ne magani ba, a ɗaga akwatunan mashin sama da tsayin dawa, a bar jaki a kunne a filin waje. Malamai suna gyaɗa kai. Ita kuwa tana ta buɗe shafi ɗaya tana rufewa. Sai da kowa ya gama tambaya ta cire gilashin.

Ta ce, "Auwalu, ka rubuta daga ƙofar laburare zuwa darbejiya taku tamanin ne. Da ƙafar wa?"

Ni na san hanyar nan. Na taka ta ya fi sau ɗari, kuma ko sau ɗaya ban taɓa samun tamanin ba. Casa'in da uku nake samu. Na lura da haka tun shekarar farko, na ce ba wanda zai duba. Ga ta zaune, matar da ta bi bayansa a laka tana ƙirgawa tare da shi. Zan iya cewa kuskuren bugu ne. Kalmar ma ta zo har bakina. Sai na tuna layin nan fari a littafin, mako uku cur, da ya bari bai ko rubuta dalili ba, bai rubuta cewa Auwal ya hana waya ba.

Na ce, "Malama, da ƙafar Ishaya ne."

Na ciro littafin daga jaka na ajiye a gabanta, don kullum yana tare da ni, ban san me ya sa ba. Na faɗa musu wanne ne nasa wanne ne nawa, shafi bayan shafi, har da maganar wayar. Aka ce in fita in jira. Na tsaya a baranda kusan rabin awa, kwat ta jiƙe da gumi, ina lissafin yadda zan gaya wa Baba an ƙara min shekara. Da aka kira ni, shugaban teburin ya ce aikin da na ƙara da hannuna ya isa furojek, amma ba za a sa hannu ba sai na gyara shafin farko na kuma nuna a kowane jadawali abin da na ɗauko daga wurin marigayi. Injiniya ta biyo ni waje ta ce da na ce ƙafata ce, da ita da kanta za ta fita da ni mu taka a gaban kowa. Kwana biyu na gyara na mayar. Shi ne cin da nake ta murna a kai.

Ofishin netwok sun karɓi shawarar. Ba za a kashe jaki a waje ba, ba za a taɓa gonar kowa ba, an fara kafa dogayen sandunan. An buga taswirar babba an manna a bangon ofishin. Na je na tsaya a gabanta na daɗe. Sunansa ne a sama, nawa a ƙasa. Na duba da kyau ko harufansa sun fi nawa girma, ba su fi ba, amma dai shi ne a sama. Na ɗauki hoto na tura gurup, kuma a karon farko ban rubuta komai a ƙasan hoton ba.

Ranar Asabar na hau mota zuwa gida na wuce wurin Inna Ladi kafin ma in shiga namu. Na same ta tana ɓarar gyaɗa. Na nuna mata hoton, na karanta mata sunan, na kwashe labarin duka na gaya mata, ban rage ko maganar ɓoye littafin ba. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi min faɗa. Sai ta tambaye ni wai nawa na ce nake samu. Na ce casa'in da uku, shi tamanin. Ta yi murmushi ta ci gaba da ɓararta.

Ta ce, "Ai haka yake. Tun yana ƙarami in za mu kasuwar Ɗambatta sai in ta kiran sa ya jira ni."

Ban san me ake cewa ya rage na mutum bayan shekara uku ba. Ishaya bai bar hoto mai kyau ko ɗaya ba, wayarsa ba ta iya ɗauka. Katinsa mai igiya yana rataye a ɗakin Inna. Abin da na sani shi ne bana yarinyar da ta zo daga ƙauye da waya ɗaure da roba za ta zauna a gindin darbejiya ta cike rajistarta, manomin da ke gefenta zai girbe dawarsa, kuma duk su biyun ba su san sunansa ba. Allah ya ji ƙansa, ya ba Inna haƙuri.

Ni dai kishin yana nan, na daina ma yaƙi da shi. Saura 'yan makonni in bar makarantar, kuma kullum da safe sai na kafa dunduniya a ƙofar laburare na taka zuwa darbejiya, ina buɗe ƙafa iya ƙarfina har yaran aji ɗaya suna kallona suna dariya. Jiya na samu tamanin da takwas. Da saura takwas.